Masu Kiwon Injin Zarto: Yadda Kayan Aiki Ya Zama Abin Ƙauna a Ƙasashen Turawa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke gefen dajin Omo a Jihar Ogun, ko wajajen Ore, ko Ikom, ya san kukan injin zarto. Tun gari bai gama wayewa ba za ka jiyo shi daga cikin kurmi, ya yi ƙara ya lafa, ya sake yin ƙara, can sai ka ji bishiya ta faɗi ƙasa ta amsa. A wurinmu wannan kuka ma'anarsa ɗaya ce, watau wani ya fita neman abinci. Mai inji yana neman nasa, yaron da ke riƙe masa galan ɗin fetur yana neman nasa, haka masu ɗauko katako a ka zuwa bakin hanya, waɗanda a cikinsu akwai 'yan'uwanmu 'yan Arewa, har abin ya kai ga 'yan katakon Bodija a Badun da na Na'ibawa a Kano.

To, mai karatu, me za ka ce in aka gaya maka akwai ƙasashen da mutum zai mallaki irin wannan inji guda goma ko ashirin, alhali bai taɓa sayar da ko falanki ɗaya ba? Malamin makaranta ne, ko akawu, ko direban babbar mota, ko tsohon da ya yi ritaya. Ran Asabar zai shiga rumfar bayan gidansa ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya wasa, ya tayar, ya saurari kukansu, ya mayar ya jera. Irin waɗannan mutane suna da yawa a Amurka da Kanada da Jamus da Suwidin da Norwe, har su da kansu sukan yi wa abin ba'a su ce ciwo ne ya kama su, ciwon tara zarto. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Bari mu bi diddigi mu ga yadda wannan kiwo yake kama mutum, da abin da mu masu cin abinci da injin za mu tsinta a ciki.

ASALIN INJIN

Abin mamaki, ba a daji aka fara zarto mai sarƙa ba, a asibiti ne. Wajen shekarun 1780 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Sikotilan, John Aitken da James Jeffray, suka ƙago wata 'yar sarƙa mai haƙora ta yanka ƙashi, ana amfani da ita in haihuwa ta yi gardama ko in ƙashi ya ruɓe. A 1830 wani Bajamushe mai suna Bernhard Heine ya ɗora irin wannan sarƙa a kan wani ɗan ƙarfe, ana juya ta da hannu tana zagayawa. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin dabarar ta shiga daji sosai.

A 1926 Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a birnin Stuttgart na Jamus, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki mai nauyin kilo 48. A 1927 Emil Lerp ya fito da mai aiki da fetur, ya sa wa kamfaninsa suna Dolmar, sunan da har yanzu a waɗansu wurare na Kurmi ake kiran kowane injin zarto da shi, ko da wane kamfani ne ya yi shi. Na fetur na Stihl ya biyo baya a 1929. Duk waɗannan sai mutum biyu ke iya aiki da su, ɗaya a kowane gefe.

Haƙorin da muke gani a sarƙa yau kuwa, daga tsutsa aka samo shi. Wani mai saran itace a Jihar Oregon ta Amurka, Joseph Buford Cox, ya tsaya yana kallon tsutsar wani ƙwaro tana cin kututture, ya ga haƙoranta biyu lanƙwasassu ne, na dama ya gatsa na hagu ya gatsa. Ya koma gida ya kwaikwayi haka a ƙarfe, a 1947 ya fara sayar da sarƙarsa a birnin Portland. Wanda ya duba sarƙar injinsa da kyau zai ga haƙoran a jere suke, ɗaya na dama ɗaya na hagu, kamar na tsutsar nan.

Daga nan inji ya yi ta raguwa a nauyi. A 1959 Stihl ya fito da samfurin Contra mai kilo 12, wanda mutum ɗaya zai ɗauka ya shiga daji. A wannan shekara ce kuma kamfanin Husqvarna na Suwidin, wanda ya faro da ƙera bindigogi tun 1689, ya shiga sana'ar. Da inji ya zama abin da mutum ɗaya zai ɗauka kuma ya iya saya, sai ya fita daga hannun kamfanonin katako ya shiga gidajen talakawa.

HUNTURU NE MAFARI

Kusan duk mai wannan ciwo, in ka bi labarinsa, za ka tarar da sanyi ne ya fara kai shi kanti. A arewacin Amurka da Kanada da ƙasashen Turai na can sama, hunturu yakan yi wata huɗu ko biyar ƙasa na rufe da ƙanƙara, kuma gidan da ba a ɗumama ba mutum yana iya mutuwa a cikinsa. Sa'ad da man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, mutane da yawa a karkarar Amurka suka koma ɗumama gida da murhun itace. Itacen saye yana da tsada, ga shi kuwa hukumar gandun daji takan ba da takardar izinin ɗibar matattun bishiyoyi a kan kuɗi kaɗan. Sai magidanci ya sayi ƙaramin inji mai araha don ya rage kashe kuɗi. Wani kuma guguwa ce ta kayar da bishiya a ƙofar gidansa, ya tambayi kuɗin aiki ya ji ya kai kuɗin sabon inji.

Itacen wuta a can ba abin wasa ba ne. Ma'auninsu tari ne mai tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, kuma gida ɗaya yakan ƙone irin wannan tari da dama kafin sanyi ya wuce. Dole a yanka, a faskara, a jera, a bar shi ya bushe wata shida, mai tauri ma har shekara biyu. Don a ga yadda abin ya shiga ransu, a 2011 wani marubucin Norwe, Lars Mytting, ya fitar da littafi sukutum a kan sara da faskare da jera itace, ya zama cikin littattafan da aka fi saye a ƙasar. A 2013 gidan talabijin na gwamnatinsu ya yi shirin awa 12 a kan itacen wuta, yawancinsa ba abin da ake nunawa sai wuta tana ci a murhu. Mutane suka yi ta aiko da ƙorafi, waɗansu na cewa a jera itace ɓawo yana kallon sama, waɗansu na cewa ƙasa.

Mutumin da ya wuni a ofis yana juya takardu, ba ya ganin abin da hannunsa ya yi. Ran da ya shiga daji da safe ya dawo da yamma da mota cike da itace, jikinsa yana tsami, ya ga tarin da zai ɗumama 'ya'yansa, wani daɗi yake ji wanda albashi ba ya ba shi. Wannan daɗi shi ne ƙugiyar farko.

DAGA ƊAYA ZUWA GOMA

Inji na biyu kullum da hujjarsa yake zuwa. Wata rana gungume zai danne takobin inji, watau dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, ya ƙi fita, kuma ba abin da zai cece shi sai wani injin. To, an sayi na biyu ke nan. Sa'an nan sai ya lura ƙaramin yana wahala a kan babban gungume, babban kuma yana gajiyar da hannu wajen sassabe rassa. Gwanayen abin sukan ba da shawara a riƙe biyu, mai girman inji cc 50 don rassa da ƙananan itatuwa, da mai cc 70 don manya. Daga nan sai a ce ai ana bukatar ɗan ƙarami na hawa bishiya, da ƙato na tsaga katako. Kafin uwargida ta farga, rumfa ta cika, motar gida tana kwana a waje.

Wanda ya san masu kiwon tattabaru a garuruwanmu ba zai yi mamaki ba. Da biyu ake farawa. Haka mai doki, wanda zai hana kansa nama ya saya wa dokinsa dawa da kanwa. Akwai ma ɓangaranci a ciki, don masu Stihl da masu Husqvarna tsokanar juna suke yi kamar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo, kowa yana ganin nasa ne inji, na ɗan'uwansa kuwa tarkace.

WASHI SHI NE MAKARANTA

Amma abin da ke mai da mai inji masoyin inji na gaske shi ne ranar da ya koyi wasa sarƙa. Sabon shiga yakan ɗauka ƙarfin inji ke yanka, sai ya yi ta dannawa yana gumi, hayaƙi na tashi, yanka na karkacewa. Ran da wani dattijo ya karɓi injin ya bi haƙoran da magagari na minti goma ya miƙo masa, sai ya ga sarƙa tana jan kanta cikin itace ba tare da ya danna ba. Daga ranar ya kamu.

Alamar da suke dubawa mai sauƙi ce. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take zubarwa, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar dusa. Magagarin zagayayye ne, kuma kowace sarƙa da girman nata, akwai mai milimita 4, da 4.8, da 5.2, da 5.5. In yankan gungume a gicciye za a yi, ana karkata magagari kamar digiri 30. In kuwa tsaga katako ne a tsaye bin tsawon itace, irin aikin da aka fi yi a dazuzzukan Kurmi, kamar digiri 10 ake so, don fuskar katako ta fito sumul. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudun ƙarfe wanda shi ke ƙayyade zurfin gatsa. A yawancin sarƙoƙi ana so ya gaza haƙorin da kamar milimita 0.65. In ya yi tsawo sarƙa ba ta ci, in aka rage shi da yawa inji ya riƙa fizga yana tsalle. Kuma dole haƙoran dama da na hagu su zama tsawo ɗaya, in ba haka ba yanka ya riƙa bauɗewa gefe. Al'adarsu ita ce duk sa'ad da aka tsaya ƙara mai, a shafa wa kowane haƙori magagari sau biyu ko uku, kada a jira sai ya mutu.

Akwai waɗanda sukan kwashe shekaru suna gyara hannunsu a wannan fanni kaɗai, suna gwada sarƙar wannan da ta wancan da agogo a hannu.

CIKIN INJIN

Bayan sarƙa sai ciki. Injin zarto ɗan'uwan ƙaramin janaretan nan ne da ake zuba wa fetur haɗe da mai. Ba shi da tankin baƙin mai na kansa, man da aka gauraya a fetur shi ke jiƙa fistin da sauran gaɓoɓi. Injunan zamani da mansu na musamman kashi ɗaya cikin 50 suke so, watau mililita 100 a lita 5 ta fetur. Tsofaffin samfura da yawa kashi ɗaya cikin 25 aka rubuta musu, mililita 200 a lita 5. Wanda ya manta ya zuba fetur zalla, cikin 'yan mintoci fistin zai kama silinda, inji ya tashi aiki.

Sauƙin ginin injin nan shi ke jan mutane. Silinda ɗaya ce, filogi ɗaya, kafireta ɗaya, mutum zai iya warware shi duka a kan tebur da sukudireba da 'yan sufanu ya mayar kafin dare. A jikin kafiretar akwai 'yan kusoshi na daidaita mai, ɗaya na ƙaramin gudu ɗaya na babba, kuma da kunne ake saita su. In an ƙuntata mai, inji zai yi kuka mai zaƙi kamar ya ƙara lafiya, alhali ƙonewa yake yi a ciki, don injin zamani yakan juya har sau 13,000 a minti ɗaya. Gwani daga nesa zai ji kukan injin maƙwabcinsa ya san ajalinsa ya kusa.

Masu zurfi a ciki har fiɗa suke yi wa inji. Su buɗe bakin salansa, su faɗaɗa ƙofofin da mai ke shiga da waɗanda hayaƙi ke fita a jikin silinda, don ƙarfi ya ƙaru. Akwai makanikan da suka yi suna a wannan aiki, ana aika musu da sabon inji fil daga wata jiha, a jira layi na watanni, ko da yake an san da zarar an taɓa shi kamfani ya janye lamuninsa. Waɗansu kuma sukan sayo kwafin manyan injuna da ake yi a ƙasar Sin, a kawo musu a kwali gunduwa-gunduwa, su zauna su harhaɗa don jin daɗin harhaɗawar kawai.

DA TSOHUWAR ZUMA

Wani rukuni kuma tsofaffin injuna suke bi. Suna yawo kasuwannin gwanjo da rumfunan manoman da suka rasu, suna neman McCulloch da Homelite da Contra na shekarun 1950 da 1960. A samo shi da tsatsa, a wanke, a nemo kayan gyaran da aka daina yi tun tuni, a sake fenti, a tayar da shi ya yi kuka bayan shekara arba'in yana kwance. Sau da yawa injin uba ne ko na kaka, kuma mai gyaran zai gaya maka ƙamshin hayaƙinsa kaɗai yana tuna masa da ranakun da yake bin tsohonsa daji yana yaro. Wannan ba a saye shi da kuɗi, shi ya sa irin wannan inji ba ya zuwa kasuwa.

A nan ne labarin ya zo kusa da gida. Cikin injunan da masu tarawa ke nema ido rufe akwai Stihl 090 mai cc 137 da ƙanensa 070 mai cc 106, waɗanda aka fara yi a ƙarshen shekarun 1960. To, 070 ɗin nan shi ne jakin dazuzzukan Nijeriya da Gana da Kamaru. Abin da Bature ke gogewa ya ɗora a kan kanta ya kira abokai su zo kallo, shi ne wani bawan Allah yake saɓawa a kafaɗa ya yi tafiyar mil biyar cikin taɓo. A can an bar yayinsa saboda nauyi da jijjiga da rashin kayan kariya irin na zamani. A nan ana son sa saboda ba ya gudun wahala, kuma kowane makaniki ya san cikinsa.

TARO DA GASA

Mai abin ƙauna ba ya jin daɗi sai ya nuna wa wanda ya san darajarsa. Saboda haka sukan shirya taro a gonar ɗayansu, kowa ya zo da injunansa a bayan mota, a ɗora gungume a kan gadon katako, a yi ta yanka shi fale-fale ana duba agogo, ana gasa nama, ana musayar kayan gyara. Itacen da aka yanka ba shi da wani amfani, yankan ne abin so.

Daga irin wannan aka kai ga manyan gasa. A garin Hayward na Jihar Wisconsin ana yin gasar masu saran itace ta duniya tun 1960. A 1985 kamfanin Stihl ya fara tasa gasar a Amurka, wadda yanzu ta yaɗu ƙasashe da yawa, da fannoni shida, uku na gatari uku na zarto. Wanda ya fi jan 'yan kallo shi ne na injin da ɗan gasa ya gina da kansa, galibi da injin babur na tsere ko na motar kan ƙanƙara. Nauyinsa yakan kai kilo 27, ƙarfinsa ya haura na doki 60. Ana so mutum ya tayar da shi ya yanko fale uku daga gungume mai kaurin santimita 46, kuma gwanaye ba sa kai daƙiƙa bakwai. Jason Wynyard na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya rasu a 2023, sau tara yana cin kambin duniya na wannan gasa.

Akwai kuma masu sassaƙa da inji, waɗanda ke mai da kututture ya zama mikiya ko kujera. Garin Chetwynd na Kanada yana shirya musu gasa tun 2005, kuma abubuwan da aka sassaƙa suna nan jere a titunan garin.

SO HANA GANIN LAIFI

Sai dai abin ƙaunar nan ba tattabara ba ce. Sarƙa tana gudun kamar mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba ta bambanta reshe da ƙafa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta kimanin mutum 36,000 ake kaiwa asibiti kowace shekara a ƙasar saboda raunin injin zarto. Mafi muni shi ne harbin inji. In saman hancin takobi ya taɓa reshe ko wani abu mai tauri sarƙa na gudu, sai inji ya yi sama ya dawo wajen fuskar mai riƙe da shi, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Don haka ne a farkon shekarun 1970 kamfanoni suka fara sa birkin sarƙa, wannan marikin da ke gaban hannun hagu.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta zubar da jini. Ƙarar inji a kunnen mai aiki takan haura ma'aunin ƙara 100, alhali masana sun ce daga 85 kunne ke fara lalacewa in an wuni a ciki, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Jijjiga ta shekaru tana kashe jijiyoyin yatsu, su riƙa yin fari suna mutuwa, har mutum ya kasa sa maɓallin rigarsa.

Abin yabo ga masu wannan sha'awa shi ne yawancinsu sun mai da kariya wani ɓangare na gwaninta. Hular kwano mai ragar fuska, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, da wani wando mai zaruruwa a ciki waɗanda in sarƙa ta taɓa su sai su fito su cushe ta ta tsaya. Wanda ya zo taro ba tare da su ba, kallon sabon shiga ake yi masa komai yawan injunansa.

MU FA?

Ɗan'uwa mai aikin inji a Kurmi yana iya cewa wannan duk wasan masu ƙoshi ne. Da gaskiyarsa. Amma mu duba da kyau. Mutumin da inji bai taɓa ba shi kwabo ba yana wanke matatar iska bayan kowane aiki, yana juya takobi don gefe ɗaya kada ya cinye, yana auna mai da ma'auni. Wanda kuwa injin ne gonarsa, shi ne kantinsa, wani lokaci ma bashi ya ci ya saya, sau nawa muke ganin ya auna mai da ido, ya zuba ƙonannen baƙin man mota a tankin sarƙa, ya shiga daji da silifas? Ƙonannen mai cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, yana cinye famfon mai da takobi, kuma taɓa shi kullum yana cutar da fata. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da dakusasshiyar sarƙa ta sha a banza daga bakin iyali aka ɗauke ta. Magagari da abin toshe kunne kuɗinsu bai kai na fistin ɗaya ba. Wanda ya rasa ƙafa a tsakiyar daji, nisan sa'o'i daga asibiti, ga iyali a Katsina ko Azare suna jiran aike, ba wanda zai biya shi.

Darasi na biyu ya fi wannan nauyi. Yawancin masu sha'awar nan matacciyar bishiya suke yanka, ko wadda iska ta kayar, ko ta gonarsu, kuma da takardar izini. A wajenmu mun ga abin da inji ke yi in ya haɗu da kwaɗayi. Daga wajen 2013 aka buɗe wa madobiya wuta a Kogi da Taraba da Adamawa ana loda ta zuwa ƙasar Sin, itacen da makiyaya ke dogara da ganyensa da rani. A farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, amma kafin nan duwatsu da yawa sun zama sanƙo. Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da injin zarto tun 1998. Jihar Kuros Riba ta hana saran katako daga 2008 har zuwa 2023. Maɗacin da ya shekara tamanin yana girma, inji zai kwantar da shi kafin shayi ya huce. Mu da muka baro gida muna kallon hamada tana cin gonakin iyayenmu, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba.

Saboda haka mai inji ya nemi izinin ma'aikatar gandun daji ta jihar da yake, ya san iyakar gandun gwamnati, kada ya yarda wani dillali ya tura shi inda in malamin daji ya zo shi za a kama a ƙwace injinsa, dillali yana gari yana shan iska. Masu ɗauka da masu lodi su ma su tambayi takarda kafin su hau mota, don ranar kamu ba a tambayar wa ya yanka wa ya ɗauka.

Ba mu ce kowa ya tara inji goma ba, ɗayan ma da ƙyar aka same shi. Abin da muke cewa shi ne, in wanda ke wasa da inji ya iya ba shi wannan kulawa, wanda ke ci da shi ya fi cancanta ya ba shi. Gobe kafin ka ja igiya, ɗan'uwa, ka zauna a kan kututture ka bi haƙoran nan da magagari, ka duba birki in injinka yana da shi, ka toshe kunnenka, ka kuma dubi bishiyar ka tabbata kana da izinin kayar da ita. Allah ya kiyaye, ya mai da kowa gida lafiya.